Yadda za ka je hutu Zanzibar kai kaɗai bayan ka yi ritaya

Ni dai shekara 35 na yi ina aikin gwamnati, kuma duk fitar da na taɓa yi waje ta Hajji ce da Umara, cikin ayari, akwai mai riƙe maka fasfo akwai mai kiran suna akwai mai cewa ku hau mota ku sauka. To ranar da na ce wa yara zan je Zanzibar ni kaɗai in huta, babbar cewa ta yi Baba hutun me kuma, ai kullum a hutu kake. Ƙaramin kuwa ɗauka ya yi aure zan ƙara a ɓoye. Na je na dawo lafiya, kwana goma, kuma tun daga nan abokai sa'o'ina ke ta kira suna tambaya ya aka yi, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi daki-daki kowa ya huta.

Me ya sa Zanzibar? Saboda tsibirin Musulmi ne, kusan kowa Musulmi, ba ka da fargabar nama ba ka da fargabar inda za ka yi sallah, kuma mutane ne da ke girmama furfura. Tana cikin ƙasar Tanzaniya, tun 1964 suka haɗe da Tanganyika, amma tana da shugabanta da wasu dokokinta. Manyan tsibiran biyu ne, Unguja da Pemba, kuma in ka ji an ce wane ya je Zanzibar to Unguja ake nufi, nan filin jirgin yake nan tsohon garin yake.

Abu na farko ba tikiti ba ne, gida ne. Ka zaunar da iyali ka faɗa musu tun da wuri, wata uku kafin tafiya, don in ka bari sai saura sati guda za a tara maka dangi a yi ta ba ka baki har ka fasa. Ka zaɓi mutum ɗaya cikin 'ya'yanka wanda ya iya waya ya zama shi ne ofishinka, duk takarda ka tura mai hotonta, ku yi alkawari kullum bayan Isha za ka aiko da murya ta WhatsApp ko da kalma biyu ce. Wannan ɗan alkawarin shi ya kashe rigimar a gidana. Hajiyoyi kuma da ke karantawa, na san maganar muharrami za ta taso, wannan ba fagena ba ne, ku tambayi malaminku ku bi abin da ya ce, sauran bayanin duk ya shafe ku in ma da ɗanku ko ƙaninku za ku.

Sai likita. Kar ka ce ai lafiyata lau, je dai. A auna jini a auna suga, ka faɗa mai jirgi za ka hau na awanni kuma wurin da za ka akwai zafi mai gumi, ya rubuta maka sunayen magungunanka a takardar asibiti da hatimi. Ka sayi magani na kwanakin tafiya ka ƙara na sati guda a kai, ka bar su cikin kwalinsu, kar a juye a leda ko a ƙulle a takarda irin yadda muka saba, jami'in eyafot bai san wannan ba. Duka su shiga jakar hannu. Akwati na iya kwana a Adis Ababa kai kana Zanzibar, maganin hawan jini ba ya jiran akwati. In kana shan wani abu mai ƙarfi na ciwon gwiwa ko baya irin su tiramadol ko mai kodin, to ko dai likita ya canja maka ko ka tabbata takardar na tare da kai, waɗannan su ke jawo wa mutum tambaya.

Yalo kati dole ne tunda daga Najeriya za ka taso, wato katin rigakafin cutar shawara. Ana yinsa a ofishin lafiya na tashoshin shiga ƙasa, akwai a filin jirgin Malam Aminu Kano da na Abuja da Legas, ana fara biya ta intanet. In allurar farko ce sai ta kwana goma kafin a karɓe ta, kuma tun 2016 hukumar lafiya ta duniya ta ce guda ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa, don haka in ka taɓa yi ka nemo tsohon katinka a tabbatar. Ga abin da ya shafe mu musamman: wanda ya haura 60 kuma bai taɓa yin allurar ba, ta fi iya ba shi wahala fiye da yaro, saboda haka likita ya fara dubawa kafin ka miƙa hannu. Kar ka sayi kati a hannun wani ɗan tsaye a bakin ƙofa wai ba sai an yi allura ba.

Yanzu ga inda mutane suka fi faɗuwa, biza. Za ka ji ana cewa ai Tanzaniya a eyafot ake bugawa, gaskiya ne ga wasu ƙasashen amma ban da mu. Mai fasfon Najeriya, da na Nijar da Chadi, suna cikin jerin da sai an nemi izini tun daga gida an tura takardunka hedikwatar shige da ficensu sun duba, a shafin nasu sunanta Referral Visa. Su da kansu shawarar da suke bayarwa ka nema wata biyu kafin tafiya, kuma kar ka biya kuɗin jirgi sai ta fito. Ana cikewa a shafin hukumar shige da fice ta Tanzaniya, ka tabbata adireshin ya ƙare da go.tz don akwai shafukan 'yan tsakiya masu kama da na gwamnati da za su caje ka ninki. Kuɗin bizar yawon buɗe ido dala 50 ne. Za a nemi hoton shafin fasfo, hotonka, inda za ka sauka da tsarin zuwa da dawowa, to sai ka sa ejan ya riƙe maka kujera ba tare da biya ba, otal ma ka kama wanda ake iya sokewa kyauta. Fasfo ya zama da sauran wata shida aƙalla. In ta fito ka buga ta a takarda kofi biyu, kar ka dogara da waya, waya na mutuwa a daidai lokacin da ake nemanta.

Bayan biza akwai inshora. Tun 1 ga Oktoba 2024 gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa baƙi sayen inshorar tafiya daga kamfaninta na gwamnati, dala 44 ga mutum guda, tana aiki har kwana 92, kuma ko kana da wata inshorar sai ka sayi wannan. Ana biya ta intanet a turo maka takarda mai lambar da ake haskawa, ita ma ka buga. Ni shawarata ka karanta abin da ta ƙunsa, musamman kan ciwon da kake da shi tun da, in bai gamsar da kai ba ka ƙara wata daga gida. A shekarunmu wannan ba ɓarnar kuɗi ba ce.

Wane wata? Yuni zuwa Oktoba, shi ne rani mai sanyi-sanyi da iska. Daga tsakiyar Maris zuwa Mayu ruwan sama ne kamar da bakin ƙwarya, otal na araha amma a ɗaki za ka ƙare. Nuwamba akwai ɗan ruwa na tsaka-tsaki. Disamba zuwa Fabrairu zafi, kuma kar ka ce ni ɗan Sakkwato ne na saba, ba irin namu ba ne, namu busasshe ne wannan kuwa gumi ne da ba ya bushewa, ka yi wanka ka fito kana jiƙe. Da azumi gidajen abinci na cikin gari a rufe suke da rana, ka sa wannan a lissafi.

Jirgi: mafi sauƙi gare mu Ethiopian Airlines, yana tashi daga Kano da Abuja da Legas, a sauka Adis Ababa a canja zuwa Zanzibar. Akwai Kenya Airways daga Legas ta Nairobi. Wajen sayen tikiti ka dubi tazarar da ke tsakanin jirgi biyun fiye da yadda kake duban farashi, awa ɗaya ta yi kaɗan ga mai gwiwa irin tawa, eyafot ɗin Adis dogo ne ga layin bincike, awa biyu zuwa uku ya fi. In kwana za a yi ka tambaya tun a wurin sayen tikiti ko akwai masauki a ciki. Ka nemi kujerar bakin hanya saboda fitsari da miƙe ƙafa, duk bayan awa guda ka tashi ka ɗan taka, zaman jirgi na sa jini ya daskare a ƙafa. Kuma don Allah in tafiya na ba ka wuya ka ce a rubuta maka keken guragu tun wajen sayen tikiti, kyauta ne, wanda zai tura ka shi zai kai ka har ƙofar jirgi ya ratsa da kai layi, ba abin kunya ba ne, girman kai ne kawai ke hana mu. Ka sa rigar sanyi a jakar hannu, Adis a kan tsauni take, da dare sanyi ne sosai.

Wasu na sauka Darussalam, babban garin Tanzaniya da ke bakin teku, su hau jirgin ruwa na wajen awa biyu su tsallaka. Yana da daɗi in teku ta kwanta, in ba ta kwanta ba amai ne, ga 'yan dako na fizgar kaya a tasha. Tafiyar farko kai kaɗai, sauka kai tsaye a filin jirgin Abeid Amani Karume ka huta.

Kuɗi. Ka nemi dala ta banki ta hanyar kuɗin guzuri in za ka iya, in a kasuwa za ka saya to ka duba shekarar da aka buga takardar, tsofaffi da masu yagewa ko rubutu ba sa karɓa ko su karya farashi, sababbi fil ake so, kuma 'yan 50 da 100 sun fi samun canji mai kyau. Da ka sauka ka canja kaɗan a eyafot na mota da ruwa, sauran a cikin gari. Kuɗinsu shilin ne kuma babbar takardarsu 10,000 ce wadda ba ta kai dala 5 ba, don haka in ka canja dala 200 za a miƙo maka dami ka ji kamar ka zama attajiri, ka ƙirga a natse a gaban mai canjin. Raba kuɗin gida uku, na aljihu, na akwati, da wanda ba ka taɓawa sai larura. Katin banki ka je reshe ka tambaya ko yana aiki a waje da iyakarsa, amma kar ya zama shi ne madogara, a ƙauyukan bakin teku injin cire kuɗi ba ko'ina ba.

Kaya kaɗan. Kaftani mara nauyi guda huɗu ko biyar, jallabiya, babbar riga ɗaya saboda Juma'a in kana so, hula, takalmi mai riƙe dunduniya, silifas, tabarau, lema, darduma ƙarama, buta ta roba in ba ka iya rabuwa da ita duk da yawancin banɗakunansu akwai abin tsarki. Soket ɗinsu irin namu ne mai baki uku, cajarka za ta shiga. Kar ka cika akwati da baƙar leda, an hana ledar sayayya a Tanzaniya tun 2019. Ɗan yaji da ƙuli-ƙuli a rufaffen mazubi sun cece ni, goro kuwa in kana ci ka taho da abinka.

Masauki shi ne inda zan daɗe, don nan ne hutun tsoho ke gyaruwa ko ya lalace. Ka raba kwanakin biyu, uku ko huɗu a tsohon gari wanda ake kira Stone Town, sauran a bakin teku. Gidajen tsohon gari dogaye ne, na attajiran da aka mayar otal, matakalarsu a tsaye take kamar tsani kuma akasari ba lifta, to kafin ka biya ka rubuta musu ka ce ɗakin ƙasa ko hawa na ɗaya kake so, ka tambaya a wane hawa ake karyawa don da yawansu a kan rufi suke ba da abincin safe, hawa huɗu kafin ka sha shayi. Ka tambaya ko mota na isowa ƙofa, lungunan garin ko Keke Napep ba zai shiga wasu ba, a bakin titi za a sauke ka a ja akwati. Ka ce su turo direbansu ya tarye ka a eyafot da sunanka a kwali, ko da ya ɗan fi tsada.

Bakin teku kuma iri biyu ne kuma ba wanda ya faɗa min kafin in je. Gabas, wato su Paje da Jambiani da Matemwe, ruwa na janyewa sau biyu a yini, ya tafi can nesa har ka daina ganinsa sosai, sai fili fari fat da mata suna noman ciyawar teku, bayan awanni ya dawo. Arewa, Nungwi da Kendwa, ruwan bai cika gudu ba, ko yaushe za ka iya tsoma ƙafa, kuma nan rana ke faɗuwa cikin ruwa. Amma arewa ita ce ta 'yan shagali, akwai kiɗa har dare, Turawa da ɗan kamfai, mashaya a jere. In shiru kake so da wurin lazimi, Jambiani ko Matemwe. In ka fi son wurin da akwai mutane da kantin magani kusa, Nungwi amma ka tambayi otal ɗin ko suna kusa da gidan rawa. Ka tambaya akwai janareta, akwai gidan sauro, akwai firij in kana ajiye allurar suga. Kuma akwai harajin kwana na 'yan daloli da ake biya a otal, ka tambaya ko yana cikin farashin.

Ranar da ka sauka kar ka yi komai. Ka sayi layin waya da fasfonka, akwai Vodacom da Airtel da wasu, ka sa data, ka kira gida, ka gyara agogo don sun riga mu da awa biyu, ka kwanta. Mu ba yara ba ne da za a sauka a wuce yawo.

Maganar agogo ta tuna min. Mutanen nan daga fitowar rana suke fara ƙirga awa, ƙarfe 7 na safe shi ne ƙarfe ɗayansu. Direban da zai kai ni gonar kayan ƙamshi ya ɗaga min yatsa biyu ya ce saa mbili, na ce to bayan Azahar ke nan, ashe 8 na safe yake nufi, ina kwance ina jin rediyo a waya aka buga ƙofa. Duk wanda ya ba ka lokaci ka nuna mai fuskar agogo ko ya rubuta maka.

Yarensu Swahili kuma zai ba ka dariya don rabinsa kamar ka sani, Larabci ya shige su yadda ya shige mu: asubuhi, Alhamisi, Ijumaa, dunia, habari wato labari, ishirini, hamsini, in ana ciniki sai ka ji kana gane lissafi. Amma akwai tarko. Gari a wurinsu mota ce. Kaka yaya ne namiji. Duka kanti ne. Shida matsala ce, in an ce hamna shida ana nufin ba komai. Babu kuwa kaka ne namiji, ni da yara ke bina suna babu babu na ɗauka roƙo suke suna cewa ba su da shi, ashe gaishe ni suke. In yaro ko saurayi ya ce maka shikamoo, gaisuwar manya ce, sai ka ce marahaba. Mzee dattijo ne, za ka sha jinsa. Ka riƙe asante na gode, bei gani nawa ne, hapana a'a, pole pole sannu-sannu. Da sallama kaɗai ma rabin ƙofofin garin a buɗe suke.

Sallah: alƙibla a can arewa take kusan sak, mu da muka saba gabas sai jiki ya ƙi yarda, ka bi masallaci ko ka tambaya. Yawancinsu Shafi'iyya ne, za ka ji liman na bayyana Bismilla, da Asuba a yi ƙunuti bayan ruku'u a ɗaga hannu ana amin, ka bi liman abinka. Akwai 'yan Ibadiyya kuma, gadon Larabawan Oman da suka mulki wurin, har sarkinsu ya taso da fadarsa daga Maskat ya dawo nan wajen 1840. Batun ƙasaru tunda za ka wuce kwana huɗu a wuri guda, ka tambayi malam kafin ka taso. Kuma wallahi masallaci shi ne maganin kaɗaici, kwana biyu ina Magariba a sahu ɗaya tsofaffin unguwar suka fara matsa min wuri a dakalin da suke zama, suna da irin wannan dakalin a ƙofar kowane gida baraza suke ce mai, a sha gahawa baƙi a ɗan ƙaramin kofi da alewar gyaɗa, ba na jinsu ba sa jina amma hira muke.

Tsarin yawo, abu ɗaya a rana, da safe. Daga Azahar zuwa La'asar ɗaki. A tsohon gari ka ɗauki ɗan rakiya mai katin shaida ta hannun otal na awa biyu ko uku a rana ta farko don lungunan sai sun ɓatar da kai, ka ce mai pole pole tun farko. Zai nuna maka ƙofofin katako masu sassaƙa da ƙusoshin tagulla, tsohuwar ganuwar Larabawa, da Beit al-Ajaib, wata babbar fada da Sarki Barghash ya gina a 1883 wanda wani sashensa ya rufta a Disamba 2020. Garin na cikin wuraren tarihi na UNESCO tun 2000. Ka je inda kasuwar bayi take da, wadda aka rufe a 1873 aka gina coci a wurin, akwai ɗakunan ƙasa da ake nunawa, rufinsu gajere ne sai ka sunkuya, ni dai ban iya daɗewa ba na fito na zauna shiru. Kasuwar Darajani da safe, kifi da kayan miya da dabino, kamar ka shiga Kurmi sai dai warin teku.

Gonar kayan ƙamshi kar ka bari ta wuce ka. Shekara sittin ina shan kanumfari a shayi da kunu ban taɓa ganin bishiyarsa ba sai a nan, ashe fure ne da bai buɗe ba ake tsinkewa a shanya, kirfa kuwa ɓawon itace ce, ga masoro yana hawa bishiya kamar wake, ga citta ga kurkum. Tafiyar a inuwa ce, ba wuya. Dajin Jozani akwai jajayen birai da ba a samunsu ko'ina sai tsibiran Zanzibar, hanyar a shimfiɗe take. A Kizimkazi can kudu akwai masallaci mai rubutun shekara ta 500 bayan Hijira, wato 1107, a jikin bangon alƙibla, ka tsaya ka lissafa shekarun.

Tsibirin Changuu mai manyan kunkuru, da duk wata tafiya ta kwale-kwale, ka yi tunani. Ba gada ake bi a shiga ba, cikin ruwa ake takawa a ɗaga ƙafa a haye, yana rawa. In za ka, ka ce sai an ba ka rigar ceto ka sa ta tun kafin a tashi, ka naɗe wando, waya a jakar da ruwa ba ya shiga. In ba ka iya iyo ba, kuma yawancinmu 'yan tudu ba mu iya ba, iyakarka gwiwa. Lokacin da ruwa ya janye kar ka bi shi can ciki kai kaɗai kana kallon kifi, dawowarsa ta fi saurin tsoho, ka tambayi otal ƙarfe nawa yake juyowa. Kuma da takalmi, akwai wata aba baƙa mai ƙaya kamar bushiya a cikin duwatsu, in ka taka ta hutu ya ƙare.

Abinci ba matsala. Pilau da biriyani, shinkafa da madarar kwakwa, gasasshen kifi, chapati, mishkaki ɗan'uwan tsire ne, ugali kuwa tuwon masara ne da ya fi namu tauri. Akwai urojo, wani romo mai tsami da dankali da ƙosai-ƙosai a ciki, ya yi min. Da dare ana baje kolin abinci a lambun Forodhani bakin ruwa, ka je ka sha iska ka sha ruwan rake, amma kayan teku da aka jera tun yamma ana ɗumamawa ka bar wa masu ƙarfin ciki, ka ci abin da aka soya a gabanka, ka tambayi farashi kafin a zuba. In ba ka taɓa cin ƙaguwa ko jatan lande ba kar ka fara da dare kai kaɗai a ɗaki, wasu jikinsu ba ya ɗauka. Mai suga ya yi hankali da shayinsu da lemukansu, ka ce bila sukari. Ruwan gora kawai, kuma da yawa. A otal na Turawa ka tambaya ko an sa giya a miya ko kayan zaƙi.

Samarin bakin teku masu tallar yawo da kaya za su dame ka, mutanen gari papasi suke ce musu. Hapana asante, murmushi, ka ci gaba da tafiya, kar ka tsaya bayani. Kar ka ba kowa kuɗin somin-taɓi a kan yashi, kar ka faɗa wa wanda ba ka sani ba cewa kai kaɗai ne ko lambar ɗakinka, in an tambaya ka ce mutanena na otal. Da dare kar ka bi bakin teku inda ba haske. Fasfo a akwatin ajiya na ɗaki, kofi a aljihu tare da katin otal da wata 'yar takarda da aka rubuta ciwonka da magungunanka da lambar ɗanka da Turanci. Tasi ka yi ciniki kafin ka shiga, daga gari zuwa Nungwi wajen awa ɗaya da rabi ne. Acaɓa ka bar shi. Daladala, motar hayarsu, araha ce amma cunkoso ne da benci. Wajen tsallaka titi ka tuna hannun hagu suke tuƙi, dama za ka fara dubawa, sau biyu ina kusan shiga gaban babur.

Daren ƙarshe ka dawo cikin gari ka kwana kusa da eyafot, kar ka taso daga ƙauye ranar tafiya. Tsaraba a Darajani za ka haɗa ta, ta fi shagunan 'yan yawon buɗe ido araha nesa ba kusa ba: kanumfari, kirfa, haɗin shayi, zannuwan kanga na mata masu karin magana a rubuce a gefe, sai dai ka sa a fassara maka kafin ka saya don wasu habaici ne, kar ka kai wa uwargida abin da zai jawo shari'a. Hulunansu masu ɗinki sun yi kama da namu, jikoki za su so. Kar ka ɗebo katantanwa da duwatsun cikin teku a akwati, ana kamawa. Ka duba kilo nawa tikitinka ya ba ka ka auna a otal, shilin ɗin da ya rage ka kashe shi ko ka mayar dala a can don a Wapa, kasuwar 'yan canji ta Kano, ba mai karɓa, ka isa eyafot awa uku kafin tashi, rigar sanyin nan ta Adis kuma ka fito da ita sama tun yanzu.